Bitar Isso, manhajar karɓar sharhi ga tsayayyun shafukan intanet

Duk wanda ya mayar da shafinsa na intanet kan Hugo ko Jekyll, manhajojin da ke ƙera shafi tun kafin a ɗora shi, ya san sauƙin da ke tattare da hakan. Ana rubuta maƙala a kwamfuta, manhajar ta juya ta zuwa fayilolin HTML tun kafin kowa ya nema, a ɗora su a GitHub Pages ko Netlify ko wata ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke miƙa shafi ga masu ziyara, shi ke nan. Babu rumbun bayanan da za a yi wa kutse, babu manhajar da ke aiki a bayan fage tana jiran sabuntawa kowane mako, kuma shafin yana buɗewa da sauri ko da layin waya ya yi rauni. Irin waɗannan su nake kira tsayayyun shafuka, domin abin da aka ajiye shi ne abin da mai karatu yake gani, ba a sake ƙera shi a duk lokacin da wani ya shigo. Sai dai wannan tsayuwar tana da farashinta: shafin da ba ya iya rubuta komai a rumbu ba zai iya karɓar ko da jimla ɗaya daga mai karatu ba. Ni kuwa abin da nake wallafawa ya shafi harshe da adabi, kuma sau da yawa gyaran da wani dattijo ko wani malami ya yi mini a ƙarƙashin maƙala ya fi maƙalar amfani. Wannan ne ya kai ni ga Isso, kuma na riƙe ta tsawon lokacin da ya isa in faɗi abin da na gani.

Isso manhaja ce kyauta da wani Bajamushe, Martin Zimmermann, ya fara rubutawa a 2012 da harshen Python, aka sake ta ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ke nufin kowa yana iya ɗauka ya yi amfani da ita ko ya sauya ta ba tare da biyan ko sisi ba. Sunan gajarta ce ta jimlar Jamusanci da ke nufin "in ba haka ba zan yi ihu", kuma yanzu wasu masu aikin sa-kai ne ke kula da ita a GitHub. Manufarta tun asali ita ce ta maye gurbin Disqus, kamfanin Amurka da aka kafa a 2007, wanda shekaru da dama shi ne hanyar da masu tsayayyun shafuka suke bi idan suna son sharhi. Abin da ya sa mutane suka fara neman wata hanya ba ɓoyayye ba ne. Tsarin kyauta na Disqus yana zuwa da tallace-tallace da manhajojin bin sawun masu karatu. A watan Oktoban 2017 kamfanin ya sanar cewa an sace bayanan masu amfani da shi kimanin miliyan 17.5 daga wani kwafin rumbunsa na 2012. A watan Disambar 2017 kuma kamfanin talla na Zeta Global ya saye shi. A 2021 hukumar kare bayanai ta Norway ta sanar da aniyarta ta cin tarar sa kurona miliyan 25, kuɗin Norway, kan bin sawun masu ziyartar shafukan ƙasar ba tare da sahihin izini ba. Wanda ya karanta waɗannan, ya kuma tuna cewa kowane talla da ya sauko a wayar mai karatu data yake ci, zai fahimci dalilin da ya sa wasu suka gwammace su riƙe sharhin shafinsu a hannunsu.

Yadda Isso take aiki ba shi da sarƙaƙiya. Kashi biyu ce. Akwai ƙaramar manhajar da ke zaune a saba tana sauraro, a bisa al'ada a tashar 8080, tana karɓar sharhi tana ajiyewa a fayil guda na SQLite, wani ƙaramin tsarin rumbun bayanai. Akwai kuma fayil ɗaya na JavaScript da mai shafi zai kira a ƙasan kowace maƙala, shi ne yake zana akwatin rubutu, ya jawo sharhin da aka riga aka yi ya jera su. Nauyin wannan fayil bai kai na hoto ɗaya matsakaici ba, kuma ba ya kiran wata saba ta wani kamfani sai idan mai shafin ne ya kunna da kansa hotunan Gravatar, hidimar da ke sa hoton mai sharhi kusa da sunansa. Masu manhajar sun bayyana dalilin zaɓen SQLite da cewa sharhi ba wasu ɗimbin bayanai ba ne, kuma a nan na yarda da su ɗari bisa ɗari. Shafin da mutum ɗaya yake rubutawa zai yi shekaru kafin rumbun sharhinsa ya kai nauyin bidiyo ɗaya na minti biyu, saboda haka kafa masa babban rumbu irin PostgreSQL ko MySQL kamar a kawo tirela ne a ɗauki buhun gero ɗaya.

Kafa ta ne wurin da ya kamata in tsaya in yi gaskiya, domin masu yaba ta sukan wuce nan da sauri. Isso ba ta zama a GitHub Pages ko Netlify, tun da waɗannan fayiloli kawai suke miƙawa. Dole a sami wata saba mai aiki dare da rana, wadda akasari ake haya a wajen kamfanonin ƙetare a kan dala 4 zuwa 6 a wata, kuma wanda ke biya da katin naira ya san cewa wannan ƙaramin adadi ba ya zama wuri ɗaya, ga kuma ƙa'idojin bankuna kan biya da kuɗin waje da suka sha sauyawa. Bayan an sami sabar, ana iya saukar da manhajar ta hanyar pip, mai girka manhajojin Python, ko ta Docker, wanda ke kawo manhaja a ƙunshe da duk abin da take buƙata. Na fara da pip, na tarar sai na girka kayan harhaɗa harshen C tukuna, saboda ɓangaren da ke fassara Markdown, wato tsarin tsara rubutu da alamomi masu sauƙi, a sigar da na ɗauka yana buƙatar su. Daga baya na koma Docker, wanda ya fi sauƙin sabuntawa. Sai a sa nginx, manhajar da ke tsayawa a ƙofar saba, ko makamancinsa a gaba ya riƙa karɓar baƙi yana miƙa su ciki, a samo takardar shaidar tsaro daga Let's Encrypt, wadda kyauta ce amma wa'adinta gajere ne, dole a tsara yadda za ta riƙa sabunta kanta, sannan a shirya systemd ko Docker ɗin ya tayar da manhajar idan sabar ta mutu ta dawo. Wanda ya saba da Linux zai gama wannan tsakanin la'asar da isha'i. Wanda bai taɓa buɗe baƙin allon umarni ba kuwa, gara ya nemi wanda zai zauna kusa da shi a ranar farko.

Duk saitin ɓangaren saba a fayil ɗaya yake, rubutu ne zalla da aka kasa sashe-sashe, kuma wannan yana cikin abubuwan da na fi so game da ita, domin a zama ɗaya mutum zai karance shi ya san abin da manhajarsa take yi a sabar. Layin da ya fi jawo wa sababbin shiga ciwon kai shi ne na host, inda ake rubuta adireshin shafin da aka yarda ya yi amfani da wannan saba. Dole ya dace da adireshin harafi da harafi. Idan shafin yana buɗewa da https aka rubuta http, ko yana da www aka manta, burauza za ta ƙi haɗa su, akwatin sharhi kuma ba zai fito ba, ba tare da wani saƙo da mai karatu zai gani ba. Haka nan idan aka yi sharhin farko a kan sabuwar maƙala, Isso takan je ta buɗe shafin da kanta don ta tabbatar yana nan ta kuma ɗauko takensa, saboda haka sabar tana buƙatar ta iya kaiwa ga shafin. Waɗannan ƙa'idoji ne masu ma'ana, suna hana wani ya cika rumbun da zaurukan ƙarya, zaure kuwa shi ne jerin sharhin maƙala ɗaya, amma sai an san da su.

Na kawo tsofaffin sharhina daga WordPress, inda shafin ya fara zama. Isso tana da umarnin shigo da sharhi daga fayil ɗin XML da WordPress ko Disqus suke fitarwa, kuma ya yi aiki ba gardama: sunaye, ranaku da amsoshi duk sun shigo. Abin lura shi ne manhajar tana gane kowane zaure ne da hanyar adireshin maƙalar. Tun da na sauya tsarin adireshi lokacin ƙaura, sharhin ya shiga rumbu amma bai bayyana a ƙarƙashin maƙalun ba, sai da na buɗe fayil ɗin da sqlite3 na gyara adireshin zaurukan ɗaya bayan ɗaya. Laifina ne, ba na manhajar ba, kuma gyaran ya yiwu ne saboda rumbun ƙarami ne mai tsari bayyananne: jadawalin zauruka, jadawalin sharhi, da ɗan abin da ba a rasa ba. Darasin da ya fito shi ne a ba kowace maƙala lamba ta dindindin ta hanyar alamar data-isso-id tun ranar farko, yadda ko adireshi ya sauya, sharhin zai bi maƙalarsa.

Ta fuskar mai karatu, Isso ba ta da shinge. Babu rajista, babu kalmar sirri, babu buƙatar asusun Facebook ko Google. Akwai wurin rubuta sharhi, da gurabe uku na suna da imel da adireshin shafi, kuma a saitin asali duk ukun na ganin dama ne, sai idan mai shafi ya wajabta suna ko imel. Bayan an tura, marubucin yana da minti 15 da zai iya gyarawa ko sharewa, muddin yana kan burauzar da ya yi rubutun. Wannan ya dace da irin masu karatuna ƙwarai. Malamin da ya ga kuskure a nassin da na kawo ba zai tsaya buɗe asusu a wani wuri don ya gyara mini ba. Idan akwatin yana gabansa zai rubuta, idan an ce sai ya yi rajista zai wuce abinsa. A nan ne ma na ajiye giscus da utterances, wasu manhajojin sharhi biyu, gefe guda, duk da cewa ba sa buƙatar saba kuma ba a biyan komai: na farko yana ajiye sharhi a zaurukan tattaunawa na GitHub, na biyu a sashen ƙorafe-ƙorafensa, kuma dukansu sai mai asusun GitHub ne zai iya magana. Ga shafin masu rubuta manhaja wannan daidai ne. Ga shafin da ake muhawara kan karin sautin wata kalma ko asalin wani karin magana, kamar a ce ba mai shiga zaure sai wanda ya zo da takardar digiri ne.

Batun harshe shi ma ya cancanci a tsaya a kansa. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, suna shiga rumbun su fito lafiya, domin manhajar tana aiki da UTF-8 daga farko har ƙarshe, kuma tun da akwatin yana gadon salon rubutun shafin ne, idan shafin yana nuna su daidai to sharhin ma zai nuna. Rubutun Larabci da na ajami ma yana ajiyuwa, sai dai mai shafi ya taɓa CSS idan yana son layin ya fara daga dama yadda ya kamata. Abin da babu shi ne fassarar Hausa ta maɓallai da saƙonnin manhajar. Tana zuwa da Jamusanci, Faransanci, Rashanci, Sinanci da wasu harsuna da dama, tana kuma zaɓa gwargwadon harshen burauzar mai karatu, wanda ga yawancinmu Turanci ne. Sigar 0.13, wadda ta fito a 2022, tana ba da damar a maye gurbin kalmomin ɗaya bayan ɗaya daga cikin shafin, kuma da wannan na mayar da su "Aika", "Amsa", "Gyara", "Share". Kalmomin duka ba su da yawa, aikin yini ɗaya ne ga wanda ya ƙudura ya fassara su ya miƙa wa masu manhajar, kuma ina ganin nauyi ne da ya rataya a wuyanmu, ni ma har da ni, tun da har yanzu ban yi ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ya shafi masu rubuta waƙa. Isso tana karanta sharhi a matsayin Markdown, shi kuwa Markdown a ƙa'idarsa yana haɗe layukan da ba a bar fili tsakaninsu ba su zama sakin layi ɗaya. Mai karatu ya kawo baiti mai ɗango biyar, kowane ɗango a layinsa, sai ya fito a jere kamar zube, amsa-amon ya ɓace a tsakiyar layi. Maganin yana cikin sashen markup na fayil ɗin saiti, inda ake kunna hard-wrap, daga nan kowane layi ya tsaya inda marubucinsa ya tsayar da shi. Da wuya mai shafin fasaha ya lura da wannan, amma a shafin adabi shi ne abu na biyu da za a gyara bayan adireshi.

Inda na fi daɗewa ina kai-kawo shi ne sashen da manhajar take kira guard, wato mai gadi. Isso ba ta da gwajin nan na tantance mutum da na'ura, ba ta kuma haɗe da wata hidimar tace saƙonnin shara. Kariyarta ƙidaya ce: a saitin asali adireshin IP ɗaya ba ya wuce sharhi 2 a minti, ba ya kuma wuce sharhi 3 kai tsaye, wato wanda ba amsa ba ne ga wani sharhin, a zaure ɗaya. Domin kare sirrin mutane, ba ta ajiye cikakken adireshin. Tana shafe kashinsa na ƙarshe, ta yadda adireshi 256 da ke maƙwabtaka suke zama ɗaya a wurinta. Niyyar kyakkyawa ce, amma an yi lissafin ne da tunanin mai karatu da ke zaune a gidansa da layinsa shi kaɗai. A wurinmu mafi yawan mutane da waya suke shiga, kamfanonin sadarwa kuma suna fitar da ɗimbin masu amfani ta ƙofar adireshi kaɗan. Sakamakon shi ne mutum na huɗu da ya zo yin sharhi a kan maƙala yana iya tarar da ƙofa a rufe, alhali bai taɓa cewa komai ba, kawai don wasu uku da ke kan layin kamfani ɗaya da shi sun riga shi. Haka abin yake ga maɓallin nuna yarda ko rashin yarda da sharhi, domin shi ma da adireshin ake gane wanda ya riga ya danna. Na ɗaga adadin sharhin kai tsaye sosai, na bar na minti yadda yake, maɓallan ƙuri'a kuma na kashe su gaba ɗaya, tun da ƙidayar da ba ta bambance Audu da Garba ba ta da amfani.

A nan ma na yi wani kuskure da ya kamata in faɗa don wani ya kauce masa. Da na shirya nginx ban sa layin da ke miƙa ainihin adireshin baƙo ta X-Forwarded-For ba, sai Isso ta riƙa ganin duk duniya a matsayin mutum ɗaya da ke zaune cikin sabar. Kowace maƙala ta karɓi sharhi uku ta tsaya cik. Na ɗauka mutane ne suka gaji da ni, har sai da wani ɗalibi ya aiko mini da saƙo ta waya yana tambaya ko na rufe sharhi ne. Layi ɗaya ya gyara matsalar. Abin da zan ɗora wa manhajar a nan shi ne ba ta gaya wa wanda aka hana dalilin hana shi a fili, ba ta kuma ja hankalin mai shafi cewa ana mayar da mutane daga bakin ƙofa. Sai wanda ya je ya duba kundin abubuwan da suka faru a sabar.

Tun da ƙidaya ba ta isa kariya ba, tantancewa da hannu ita ce ginshiƙin. Idan aka kunna sashen moderation, kowane sabon sharhi yana jira, marubucinsa kaɗai ke ganin sa, har sai mai shafi ya amince. Manhajar tana aiko da imel mai ɗauke da sharhin da mahaɗi biyu, ɗaya na amincewa ɗaya na sharewa, kuma daga waya ana iya gamawa cikin daƙiƙa kaɗan. Abin da ya yi kwana 30 ba a taɓa ba, tana share shi da kanta. Wannan tsari yana da kyau matuƙa idan imel ɗin yana isowa, kuma isowarsa ba aikin Isso ba ne. Kamfanonin hayar saba da yawa suna toshe tashar 25, saƙon da ya fito daga sabuwar saba marar SPF da DKIM, shaidun da ke tabbatar da inda imel ya fito, kuma akasari cikin kwandon shara yake faɗawa, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa ta da wani akwatin imel na gaske ta tashar 587. Akwai kuma shafin gudanarwa da ake shiga da kalmar sirri, inda ake ganin masu jira da waɗanda aka amince da su, a gyara ko a share. Yana aiki, amma ba shi da yalwa: kalmar sirri ɗaya ce, a rubuce take a fayil ɗin saiti, babu yadda za a ba mataimaki iko daban da na mai gida, babu kuma maɓallin da za a danna a hana wani mai zagi dawowa. Wanda yake son toshe wani sai ya koma nginx ko bangon tsaron sabar, inda matsalar adireshin da ake rabawa take sake tasowa, domin toshe mai laifi ɗaya yana iya haɗawa da unguwa guda.

Rashin rajista, wanda na yaba a sama, a nan yake nuna ɗaya fuskar tasa. Isso ba ta tabbatar da cewa imel ɗin da aka rubuta na mai rubutun ne. Kowa yana iya sa sunan wani sanannen malami ya faɗi abin da malamin bai faɗa ba. Akwai zaɓin da ke sa a riƙa amincewa kai tsaye da wanda aka taɓa amincewa da imel ɗinsa a watanni shida da suka wuce, akwai kuma wanda ke yi wa sharhin mai shafi alama ta musamman, amma dukansu a kan imel ɗin da ba a tantance ba suke tsaye, don haka wanda ya san adireshin zai iya aron rigar. A shafi mai natsuwa irin nawa, inda na san salon rubutun yawancin masu zuwa, ido yana kama wannan. A shafin da ake taɓa siyasa ko saɓanin malamai, inda maƙala ɗaya za ta iya jawo ɗaruruwan mutane cikin dare ɗaya kuma jimla ɗaya da aka jingina wa wani za ta iya tayar da ƙura har a wajen intanet, ba zan ba kowa shawarar ya dogara da Isso ba. Can Remark42 ta fi dacewa: da harshen Go aka rubuta ta, ita ma kyauta ce, tana ba da damar shiga da Google ko GitHub ko imel da aka tantance, tana da toshe mutum da tabbatar da shi, tana kuma yin kwafin ajiya da kanta. Comentario, wadda ta tsiro daga Commento bayan aikin waccan ya tsaya, ita ma tana da asusun masu sharhi da masu tantancewa fiye da ɗaya. Dukansu sun fi Isso yawan sassa, sun kuma fi ta buƙatar kulawa.

Akwai wasu iyakoki da zan ambata a taƙaice. Amsoshi ba sa nitsewa fiye da mataki ɗaya, wato amsar amsa tana jeruwa ne a ƙarƙashin sharhin farko, abin da ni ban ɗauka aibi ba, domin a fuskar waya zaure mai matakai shida ba ya karantuwa. Sharhin ba ya cikin HTML ɗin shafin, JavaScript ne ke kawo shi, don haka wanda ya kashe shi ba zai ga komai ba, burauzoji masu matse shafi a sabarsu don tsimin data, irin Opera Mini, su ma ba kullum suke gudanar da irin wannan yadda ake so ba, ya kamata a gwada kafin a saki jiki. Ci gaban manhajar kuma a hankali yake tafiya, ana iya shekara ba a fitar da sabuwar siga ba, wanda ke nufin ba ta yawan karyewa, yana kuma nufin abin da babu a yau ba lallai ya zo gobe ba.

Abu na ƙarshe mai nauyi shi ne amanar bayanai. Mutane sukan ce sun bar kamfanonin waje don kare sirrin masu karatu, su manta cewa daga ranar su ne suka zama masu riƙon. Imel ɗin da mai sharhi ya rubuta ba ya bayyana a shafi, amma yana nan a rubuce a fayil ɗin SQLite, duk wanda ya sami fayil ɗin ya same shi. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi haƙƙin mutum ya nemi a share bayanansa, kuma ko ba doka, wanda ya ba ka adireshinsa don ka amsa masa bai ba ka don ya yaɗu ba. Saboda haka na bar gurbin imel a matsayin na ganin dama, na sauya gishirin, wato jerin haruffan sirri da ake cuɗa adireshi da shi don ɓoye shi, a sashen hash daga wanda manhajar ta zo da shi, na kuma taƙaita wanda zai iya karanta fayil ɗin a sabar. Isso ba ta yin kwafin ajiya, amma tun da komai a fayil ɗaya yake, umarnin .backup na sqlite3 da aka sa wa lokaci a cron, mai gudanar da ayyuka a kan jadawali, ya wadatar; nawa yana gudana kowane dare bayan ƙarfe 2, ya rufe kwafin da makulli, ya tura shi wata na'ura daban. Kada a kwafi fayil ɗin kai tsaye yayin da manhajar take rubutu a cikinsa, domin kwafin yana iya fitowa a lalace. Sau ɗaya na gwada mayar da shi a kan sabuwar saba don in tabbatar ba ajiyar banza nake yi ba, kuma daga girka Docker zuwa bayyanar sharhin ƙarshe bai kai rabin awa ba.

Hukuncina shi ne Isso ta cika abin da ta yi alkawari, ba ta kuma yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinta ba. Ta dace da marubuci ɗaya ko ƙaramar ƙungiya mai tsayayyen shafi, wadda sharhinta ba ya wuce abin da mutum zai karanta da idonsa kowace rana, kuma akwai wanda ya iya Linux a kusa. Idan an riga an mallaki saba don wani aikin, ƙara ta ba ya cin komai, domin ƙwaƙwalwar da take buƙata kaɗan ce. Idan kuwa saboda ita kaɗai za a yi hayar, kuma sharhin da ake samu bai wuce biyu ko uku a wata ba, ya fi arha a sa adireshin imel a ƙasan maƙala, a riƙa liƙa amsoshin da suka cancanta da hannu. Ni dai zan ci gaba da riƙe ta, da tantancewa a kunne, maɓallan ƙuri'a a kashe, kuma abin da ke gabana yanzu shi ne in kammala fassarar kalmomin nan zuwa Hausa in miƙa, inda har yau na kasa yanke shawara tsakanin "sharhi" da "tsokaci" a kan maɓallin farko.